Gaɓa nawa ce a cikin "parlent"? Amsa kan furuci da ƙirar aikatau a Faransanci

Wata ɗaliba mai karatun Faransanci a kwalejin horar da malamai ta aiko da tambaya. Ta ce an ba su aikin raba aikatau gaɓa-gaɓa, ta raba *parlent* gida biyu, *par-lent*, malami ya ba ta maki. Da aka zo darasin furuci ta karanta shi da gaɓa biyu, sai wani malamin ya ce gaɓa ɗaya ce. To wa ke da gaskiya? Sannan me ya sa ake rubuta *j'appelle* da l biyu amma *nous appelons* da l ɗaya, *j'achète* da alama a kan e amma *nous achetons* babu? Akwai wata dabara ne, ko dai sai hadda?

Ƙanwata, malaman naki duka biyun suna da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Na farko gaɓar takarda yake ƙirgawa, na biyu gaɓar baki. A Hausa ba mu saba da wannan rabuwar ba, domin rubutun boko bai daɗe ba, kuma an gina shi ne a kan abin da kunne ke ji. Faransanci kuwa rubutunsa ya tsaya tun ƙarnoni da suka wuce, baki ya ci gaba da tafiya abinsa. Wannan *-ent* ɗin gado ne daga Latin, inda ake cewa *cantant*, wato suna rera waƙa, a furta kowane harafi. A hankali sautukan ƙarshen suka lalace suka zube, yau ana rubuta *ils chantent* amma abin da ke fita daga baki "il shant" ne.

Dokar takarda ba ta da wuya, kuma babban amfaninta sanin inda za a yanke kalma idan layi ya ƙare. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin gaba: *ré-pé-ter*. Baƙaƙe biyu ana raba su: *par-ler*, *res-ter*, *don-ner*, *ap-pe-ler*. Amma idan na biyun r ne ko l, na farkon kuma ɗaya daga cikin b, c, d, f, g, p, t, v, to ba a shiga tsakaninsu: *ou-vrir*, *en-trer*, *ré-gler*. Haka *ch*, *gn*, *ph* da *th*, sauti ɗaya ne mai haruffa biyu: *mar-cher*, *ga-gner*. Kuma ba a yanka kusa da y idan yana tsakanin wasula, kamar a *payer* da *envoyer*, saboda y ɗin aiki biyu yake yi, rabinsa na gaɓar baya rabinsa na ta gaba. A wannan ma'aunin *par-lent* daidai ne.

Inda aikin yake shi ne gaɓar baki. Zan riƙa rubuta furucin da haruffanmu, amma kusantarwa ce kawai. Inda kika ga "on" ko "an" a ƙarshen gaɓa, wasalin hanci ne, harshe ba ya taɓa dasashi a fitar da n. Wasalin nan mai rauni na cikin *je* da *le* kuma zan rubuta shi ə.

Dokar ɗaya ce: wasali nawa kunne ya ji, gaɓa ke nan. Sa bayan hannunki a ƙarƙashin haɓa ki ce *je parle*, *tu parles*, *il parle*, *ils parlent*. A kan aikatau ɗin haɓarki sau ɗaya za ta sauka kowane karo: "parl". Sai kin zo *nous parlons* da *vous parlez* za ta sauka sau biyu, "par-lon", "par-lé". Wato layuka shida na cikin littafi furuci uku ne kacal. A hirar yau da kullum ma Faransawa sun fi cewa *on parle* a madadin *nous parlons*, sai ya zamana *vous* kaɗai ke da wata wutsiya da ake ji. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Muna cewa na tafi, kin tafi, ya tafi, sun tafi. Aikatau yana nan yadda yake, wakilin suna ne ke faɗin wanda ya yi aikin. Faransancin baki ya fi kusa da wannan tsari fiye da yadda takarda ke nunawa, kuma aikatau masu ƙarewa da *-er*, waɗanda su ne kusan tara cikin goma na aikatau ɗin harshen, duk haka suke tafiya.

Sai dai kada ki ɗauka *-ent* zaman banza yake yi. Shi ba a furta shi, amma yana tayar da baƙin da ke gabaninsa daga barci. *Il part* "il par" ne, *ils partent* "il part". *Il dort* "il dor", *ils dorment* "il dorm". *Il lit* "il li", *ils lisent* "il liz". *Il finit* "il fi-ni", *ils finissent* "il fi-nis". *Il vient* yana ƙarewa da wasalin hanci, *ils viennent* da n sosai wadda harshe ke taɓawa. Tunda *il* da *ils* furucinsu ɗaya ne a gaban baƙi, wannan baƙin na ƙarshe shi kaɗai ne ke gaya wa mai sauraro ko mutum ɗaya ake nufi ko jama'a.

A nan ne harshenmu ke yi mana tarko, kuma ina so ki tsaya a kansa sosai. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Babu gaɓar da ke farawa ko ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa duk kalmar da muka aro mukan cusa mata wasali ta zauna a bakinmu, muka samu burodi da firamare da fursuna. A kalmar aro babu laifi. A aikatau na Faransanci kuwa wasalin da kika ƙara wata kalma ce daban. Ɗalibi ya zo faɗin "il part", bakinsa ya ƙi tsayawa a kan rt, sai ya ce "il parti". To *parti* siffar aikin da ya wuce ce, ta cikin *il est parti*. Ya zo faɗin "je parl" ya ce "je parle" da cikakken e irin namu, Bafaranshe ya ji *je parlais*, wato ina magana a da. "Il fi-nis" ya koma "il fi-ni-se", an koma *il finissait*. Idan kuma ya gudu ta ɗaya ƙofar ya haɗiye baƙin, ya ce "il par", ya mai da jama'a mutum ɗaya. Ko ta ina ya bi ma'ana ta sauya.

Maganin da na ga yana aiki a aji shi ne a fara da jimlar da kalmar gaba ke farawa da wasali, don baƙin ya sami inda zai jingina. *Ils partent ensemble*: "il-par-tan-sanbl". *Je parle arabe*: "jə-par-la-rab". Ki maimaita har bakinki ya saba, sannan ki ce za ki faɗi jimlar amma ki tsaya cak kafin kalmar ƙarshe, harshenki na nan a kan t ɗin, ki saki iska kaɗan ba tare da murya ba. Wannan ɗan hucin shi ne ƙarshen *partent*.

Wannan atisayen ya nuna wani abu kuma: gaɓar baki ba ruwanta da iyakar kalma. *Il arrive* ana furta shi "i-la-riv", l ta bar wakilin suna ta koma kan aikatau. *Ils arrivent* kuwa "il-za-riv", s ɗin da ke kwance ta tashi ta zama z. A nan z ce alamar jam'i, a goshin aikatau maimakon ƙeyarsa. Bambancin *ils ont* da *ils sont* duka z da s ne, "il-zon" da "il-son"; haka *vous avez* da *vous savez*. Mu da muke bambanta zane da sane ba mu da matsala a nan. Abin lura kawai h: a *ils habitent* ana haɗawa, "il-za-bit", amma a *ils hurlent* ba a haɗawa, kuma rubutu ba ya nuna miki wanne ne wanne sai kin duba ƙamus. A tambaya ma t ɗin *-ent* takan fito: *parlent-ils* "parl-til" ne.

Ki kiyaye kuma, shirun *-ent* na aikatau ne kawai, a mutum na uku jam'i. *Président* na cikin *le président* gaɓa uku ce mai ƙarewa da "dan", amma *ils président* "pré-zid" ne. *Souvent* da *parent* ana furta ƙarshensu. *Il convient* na *convenir* ma ana furtawa, domin a can *-ient* cikin jikin saiwa yake. Aikatau huɗu ne suka ƙi wannan tsari gaba ɗaya a lokacin yanzu: *ils sont*, *ils ont*, *ils vont*, *ils font*.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda a ganina ita ce mabuɗin duka. Faransanci ba shi da karin sauti irin namu, amma yana ɗora nauyin murya a kan gaɓar ƙarshe da aka furta. Wasalin nan ə kuwa rarrauna ne: ba ya ɗaukar nauyi, ba ya zama a rufaffiyar gaɓa, wato wadda ta ƙare da baƙi. To duba abin da ke faruwa da *appeler*. Da *nous* da *vous* ɗafa-ƙeyar ana furta ta, *-ons*, *-ez*, ita ke ɗauke nauyin, ə na cikin saiwa ya sami sararin yin rauni har ya ɓace: "a-plon", "a-plé". Da *je*, *tu*, *il*, *ils* ɗafa-ƙeyar shiru take, nauyi ya dawo kan saiwa, gaɓar kuma ta rufe da l. Dole ə ya rikiɗe ya zama buɗaɗɗen è: "a-pèl". Rubutu yana da hanya biyu ta nuna wannan è ɗin, ko a sa masa alama a ka, ko a ninka baƙin da ke biye. *Acheter* da *lever* suka bi ta farko, *j'achète*, *je lève*. *Appeler* da *jeter* suka bi ta biyu, *j'appelle*, *je jette*. Sauti ɗaya ne, tufafi ne suka bambanta. Ki lura *j'achète* da *achetons* duka gaɓa biyu ne a baki, "ja-shèt" da "ash-ton", ko da yake takarda za ta ƙirga uku-uku.

Saboda haka l biyun nan ba shadda ba ce. Mu idan muka ga baƙi biyu sai mu danna, domin a wurinmu mana daban manna daban. A *appelle*, *jette*, *donne*, *finissent*, baƙi ɗaya ake furtawa.

Masu é a gaɓar kusa da ƙarshe su ma haka: *nous préférons* amma *je préfère*, *nous répétons* amma *je répète*, *vous espérez* amma *ils espèrent*. Rufaffen é yana son buɗaɗɗiyar gaɓa. Da zarar baƙi ya rufe gaɓar sai ya koma è.

Wanne ne ke ninka baƙi, wanne ke ɗaukar alama? Nan kam babu dalilin furuci, al'adar rubutu ce, kuma Faransawan kansu ta dame su. Gyaran rubutun da aka buga a jaridar gwamnatin Faransa ranar 6 ga Disamba 1990 ya ba da damar duk aikatau masu *-eler* da *-eter* su bi tsarin *acheter*, ban da *appeler* da *jeter* da danginsu. Wato *il ruisselle* da *il ruissèle* duka sun halatta, haka *je céderai* da *je cèderai*. Ni dai shawarata ki bi wanda littafin makarantarku ya bi, kada ki gauraya su a takarda ɗaya, don ba kowane mai duba jarrabawa ne ya karɓi sabon ba.

Idan kin gane wannan, da yawa daga cikin aikatau ɗin da ake ce musu marasa doka sun shiga hannu, domin layin da suke tsagewa a kai ɗaya ne. *Je viens, nous venons, ils viennent*. *Je dois, nous devons, ils doivent*. *Je bois, nous buvons, ils boivent*. *Je veux, nous voulons, ils veulent*. *Je peux, nous pouvons, ils peuvent*. *Je meurs, nous mourons, ils meurent*. *Je reçois, nous recevons, ils reçoivent*. Kullum *nous* da *vous* a gefe guda da wasalinsu, sauran huɗun a ɗaya gefen. Asalin abin tun lokacin da Latin ke rikiɗewa zuwa Faransanci ne: wasalin da nauyi ya sauka a kansa ya sauya kama, wanda bai ɗauki nauyi ba ya tsaya ko ya raunana. A tsohon Faransanci abin ya fi haka yawa. *Aimer* kansa ana cewa *j'aim* amma *nous amons*, kuma har ƙarni na 17 ana samun *je treuve* a rubuce maimakon *je trouve*. Yawancinsu an daidaita su daga baya. Waɗanda suka tsira da tsohuwar tsagarsu galibi su ne waɗanda baki ke taɓawa kullum. Mu ma muna da irin wannan ba mu lura ba. Muna cewa abin da ya sata, ya saci kuɗi, ya sace shi. Ya fansa, ya fanshi, ya fanshe. Babu Bahaushen da ya haddace wannan a jadawali, bakinsa ne ya san t da s ba sa zama lafiya a gaban i da e.

Dabarar da kike nema ke nan: ga kowane aikatau mai gardama, ki riƙe siffa uku da kunne, ta *il*, ta *nous*, ta *ils*. *Boit, buvons, boivent*. Daga ta *nous* ake ciro *imparfait*, wato siffar aikin da ake cikin yi a da: cire *-ons*, ki samu *je buvais*, *je finissais*, *je prenais*, *je faisais* (wanda *ai* ɗinsa na farko ə ne, kamar a *nous faisons*, "fə-zon"). *Être* kaɗai ya fita daga wannan doka da *j'étais*. Daga ta *ils* ake ciro *subjonctif*, wato siffar da ke biyo bayan *que* wajen nuna buri ko wajibi ko shakka: cire *-ent*, ki samu *que je boive*, *que je vienne*, *que je prenne*. Ba zan ruɗe ki ba, hadda ba ta ƙare ba. *Être*, *avoir*, *aller*, *faire*, *pouvoir*, *savoir*, *vouloir* suna da nasu *subjonctif* ɗin, kuma saiwoyin lokaci mai zuwa irin su *irai*, *serai*, *ferai*, *verrai*, *viendrai* sai an riƙe su. Amma wannan ɗan kaɗan ne idan aka gwada da shafukan jadawali da ɗalibai ke kwana a kai.

Lokaci mai zuwa ƙirarsa a fili take: cikakken aikatau ne aka liƙa masa *avoir* a ƙeya. *Parler* da *ai, as, a, ont* suka ba da *parlerai, parleras, parlera, parleront*. *Avons* da *avez* aka datse su suka zama *-ons* da *-ez*. Shi ya sa *-ont* na nan ake furta shi. Wajen ƙirga gaɓa kuma ə ne ke wasa da mutum. A *je donnerai* yana zubewa, "don-ré" da n sosai, gaɓa biyu. A *je jouerai*, *je paierai*, *j'étudierai* ba a taɓa furta shi, "ju-ré", "pè-ré". Amma a *je parlerai* yana nan daram, "par-lə-ré", don in ya fita r da l da r za su yi karo. Masanin furuci Maurice Grammont ne ya bayyana wannan a 1894, ana kiranta dokar baƙaƙe uku. Ba ta da tsauri kamar yadda sunan ke nunawa, tunda *je resterai* yakan fito "jə-rès-tré", s da t da r a jere, amma tana taimakawa. Kuma ga wurin da shaddarmu ke da rana: *je courais* da *je courrais*, *il mourait* da *il mourrait*. A nan r biyun ana danna su da gaske, kuma dannawar ce kaɗai ke raba "yana gudu a da" da "da zai gudu".

*-ions* da *-iez* gaɓa ɗaya ce a mafi yawan lokaci, i ɗin y ce: *parlions* "par-lyon", *étudions* "é-tu-dyon". Amma bayan tagwayen nan da ba a rabawa, irin tr, dr, bl, sai ta buɗe ta zama biyu: *entrions* "an-tri-yon", *voudriez* "vu-dri-yé", *oublier* "u-bli-yé". A gaban wannan y ɗin ə ba ya zubewa, shi ya sa *appelons* gaɓa biyu ce amma *appelions* uku, "a-pə-lyon". Sauran ƙananan tarkunan ido ne kawai. E na cikin *mangeons* ba wasali ba ne, an sa shi ne don g ta yi laushi, kamar wutsiyar ç a *commençons*. *-aient* haruffa biyar ne sauti ɗaya, *parlaient* da *parlait* ba su da bambanci a kunne. *Créée* mai e uku gaɓa biyu ce.

Akwai sautuka uku da ba su shafi ƙirga ba amma suna sauya aikatau a bakin Bahaushe. Na farko v da b: *il voit* yana gani, *il boit* yana sha. Na biyu p da f, waɗanda a wurinmu kusan abu ɗaya ne: *il faut* ba *il peut* ba ne, *il fend* ba *il pend* ba ne. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, ə da é: *je finis* da *j'ai fini*, *je dis* da *j'ai dit*, *je fais* da *j'ai fait*. Aikatau ɗin furucinsu ɗaya, wasalin farko ne kaɗai ke raba yanzu da jiya. Don fitar da ə ki tsuke leɓɓa kamar za ki ce o, harshe kuma ya tsaya inda yake tsayawa a e. Ita kuwa r ta maƙogwaro, wadda ke kusa da gainun da kika koya a allo, kada ta hana ki barci. Daga Yamai zuwa Dakar mutane da yawa da r ta harshe suke magana kuma ana fahimtarsu sarai.

Idan kuka shiga darasin waƙa za ki tarar da ma'auni na uku. Baitin gargajiya na Faransa, *alexandrin*, gaɓa 12 ne, kuma a cikinsa ana ƙirga ə idan baƙi ne ke biye da shi, a bar shi idan wasali ne ko ƙarshen baiti. *Ils parlent bas* gaɓa uku ce a hira, huɗu a waƙa, "il-par-lə-ba". *-aient* kuwa ko a waƙa ɗaya ce. Mawaƙa masu kiɗa ma sukan ja wannan ə ɗin idan kari ya buƙata, kuma mutanen kudancin Faransa, wajajen Marseille da Toulouse, suna furta shi a maganarsu ta yau da kullum, su ce "jə par-lə". In kin ji haka a rediyo, ki saurara da kyau: abin da ke ƙarshen ə ne mai tsukakkun leɓɓa, ba é ba, kuma nauyin muryar yana nan a kan "par".